Fensir Kaɗai Ba Ya Koyar da Zane: Sharhi Kan Kayan Aikin Fasaha a Firamare da Ƙaramar Sakandare

A yawancin makarantunmu ga yadda darasin zane yake tafiya: malam ya ɗauki alli ya zana kofi ko mangwaro a allo, ya ce a kwafa. Yara sittin ko tamanin su sunkuya da fensir a kan littafin rubutu. Wanda kofinsa ya fi kama da na malam ya sami takwas bisa goma, saura a raba musu biyar-biyar. A ƙaramar sakandare abin yakan koma rubutu zalla, a haddace ma'anar launi da ire-iren zane, a juye ranar jarrabawa. Alhali manhajar shekara tara da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Nijeriya (NERDC) ta tsara ta tanadi darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda aka fi sani da CCA, kuma a cikinsa akwai ginin yumɓu da rini da saƙa da aikin takarda. Suna nan a rubuce, hannun yaro ne bai taɓa su ba.

Illar wannan ta wuce gundura. Kowane kayan aiki da abin da yake koya wa hannu da ido, kuma wani ba ya maye gurbin wani. Fensir layi yake koyarwa. Gawayi haske da inuwa. Fenti launi da sarrafa ruwa. Yumɓu yana tilasta wa yaro ya yi tunanin bayan abu da ƙasansa da nauyinsa, da hannu biyu a lokaci ɗaya. Ajin da fensir kaɗai ya sani abu ɗaya yake aunawa, wato iya kwaikwayon siffa da layi, kuma yara ƙalilan ne suke da wannan baiwar tun da wuri. Sauran sai su yanke wa kansu hukunci cewa fasaha ba tasu ba ce.

Akwai ma lokacin da hukuncin nan yake faɗowa. Viktor Lowenfeld, masanin koyar da fasaha da ya yi aiki a Amurka, ya bayyana tun 1947 cewa zanen yara yana bin matakai: kwarafniya tun suna shekara biyu zuwa huɗu, sannan alamomin da suke maimaitawa, kamar mutum mai kai da ƙafafu kawai, har zuwa wajen shekara tara zuwa sha biyu inda idon yaro yake fara ganin cewa abin da ya zana bai yi kama da na zahiri ba. Ba kowane yaro ne yake bin shekarun daidai ba, amma duk malamin aji biyar ya san wannan hoton: yarinya ta ja layi, ta goge, ta sake ja, ta sake gogewa har takardar ta yi baƙi ta huje, sannan ta rufe da tafin hannu ta ce, "Malam, ni ban iya ba." Yarinyar nan mai yiwuwa ita ce take zana wa ƙannenta lalle a gida ranar jajibirin salla ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Ba fasaha ta rasa ba, kayan aikin da aka miƙa mata ne ya tsare mata hanya. Maganin farko shi ne a ba ta abin da ba shi da magogi.

Gawayi shi ne mafi sauƙi. Na girki yakan yi tauri, yana karce takarda maimakon ya bar baƙi, don haka gara a yi na zane. A yanko ƙananan rassa masu kaurin fensir, a ɓare ɓawon, a yanka tsawon santimita 10, a cusa su tam a gwangwanin madara mai murfi, a huda rami ɗaya da ƙusa a murfin, a saka cikin wuta. Hayaƙi zai riƙa fita ta ramin, daga baya ya kama da wuta. In ya daina, a janye gwangwanin a bar shi ya huce a rufe. Wanda ya yi gaggawar buɗewa da zafi, iska za ta shiga, sai ya tarar da toka. Wannan aikin malam ne, ba na yara ba. A aji kuwa, a ba su babbar takarda ko bayan kwali, su shafe ta duka da gawayi ta koma ruwan toka, sannan su fito da haske da tsumma ko ɗan yatsa, su ƙara baƙi inda inuwa take. A ajiye tulu ɗaya kusa da taga, a rufe sauran tagogin in da hali, domin haske ya zo ta gefe guda. Yaron da ya saba damƙe fensir kamar mai rubuta jarrabawa, a nan dole ya saki wuyan hannu ya yi aiki da kafaɗa. Gawayi yana goguwa, saboda haka a sa tsohuwar jarida tsakanin kowane aiki da na bisansa kafin a tara.

Tawada da alƙalamin kara su ma ba baƙi ba ne ga yaron da ya je makarantar allo, kuma abin mamaki ne yadda makarantar boko take watsi da gwanintar da ya shigo da ita. Tawada ba ta goguwa a takarda, kuskure sai dai a mayar da shi wani abu. Wannan kaɗai darasi ne babba ga mai yawan goge-goge.

Fenti ne wurin da malamai suka fi tsoro, kuma da dalilinsu: tsada, ɓarin ruwa, da iyayen da za su zo da farar riga ta ɓaci. Amma yawancin matsalolin sanannu ne, ruwa ba ya tsami banza. Ba a bukatar kala goma sha biyu. Ja, rawaya, shuɗi, fari da ɗan baƙi sun isa, kuma ƙarancin ne yake tilasta haɗawa. Ƙa'idar haɗi ita ce a fara da mai haske a riƙa ɗiga mai duhu: in ana son kore, a zuba rawaya tukuna a taɓa shuɗi kaɗan. Wanda ya fara da shuɗi zai ƙarar da rawayar ajin gaba ɗaya bai kai ga koren da yake so ba. Idan komai ya koma ruwan ƙasa kamar taɓo, dalili shi ne launukan asali uku sun haɗu, galibi ta burushin da ba a wanke ba. Shi ya sa kowane rukuni yake bukatar gwangwanin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya na haɗi, da tsumman tsane burushi. Akwai kuma abin da yake ruɗa malamai da kansu: littafi ya ce ja da shuɗi suna ba da shunayya, a haɗa a ga wani dusasshen abu mai kama da ƙasa. Ba laifin yaro ba ne. Jan da ake sayarwa yakan karkata wajen ruwan goro, wato da rawaya a cikinsa, sai ya zama an haɗa uku. A nemi ja mai karkata wajen ruwan hoda, shunayya za ta fito sarai.

Takardar littafin rubutu ba ta ɗaukar ruwa, tana kumbura ta yage. Farin kwali na kanti ya fi, a yanka kowane fefe gida takwas. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a haɗa kyandir da fenti: su yi zane da guntun farin kyandir suna dannawa sosai, sannan su shafa fenti mai ruwa-ruwa a kai. Kakin yana korar ruwa, zanen ya bayyana fari. In fentin ya yi kauri zai rufe kakin, abin ya ƙi fitowa.

Inda babu kuɗin fenti, ƙasa tana bayarwa. A samo jar ƙasa da farar ƙasa da rawaya in akwai, a jiƙa a bokiti, a dama, a jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan mai launi a wani bokitin, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da garau ɗin ruwan sama. Laushin da ya kwanta a ƙasa shi ne launin. Abin da zai riƙe shi a takarda shi ne ƙaro: kofi ɗaya a ruwan ɗumi kofi biyu, ya kwana ya narke, a tace da ƙyalle, a sa cokali ɗaya na zuma don kada ya tsattsage. A haɗa launi da ruwan ƙaro kusan daidai wa daida, sannan a gwada. In ya bushe aka shafa da yatsa ya biyo kamar gari, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana fashewa, ya yi yawa. Sai dai a kula ƙwarai da inda ake ɗebo ƙasar. Kada a kusanci wurin haƙar ma'adinai ko inda ake niƙa dutsen zinariya. Gubar dalma da ta ɓulla a Zamfara a 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara, daga ƙurar irin wannan dutsen ta fito. Haka nan fentin mai na gida ko na mota, da kananzir ko fetur na wanke burushi, da baƙin cikin batir, ba su da wuri a ajin yara ko kaɗan.

Zoɓo ma launi ne, kuma yana zuwa da ɗan darasin kimiyya. A tafasa shi da ruwa kaɗan ya yi kauri, a shafa a takarda, a ɗiga lemon tsami a gefe guda ya ƙara ja, a ɗiga ruwan kanwa a ɗaya gefen ya juya shuɗi-shuɗi zuwa kore. Kurkum yana ba da rawaya, kanwa ta mayar da shi ja-ja. Launukan nan rana tana cinye su, a faɗa wa yara tun farko don kada su yi baƙin ciki in aikin ya kwana biyu a bango ya dushe.

Yumɓu ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne yake ceto yaran da takarda ta kora, kuma shi ne aka fi ɓatawa. Ba kowace laka ce take ginuwa ba. Gwajin yana da sauƙi: a murza kamar igiya mai kaurin fensir, a naɗe a ɗan yatsa. In ta naɗu ba ta karye ba, ta yi. In tana gutsurewa, yashi ya yi yawa. Hanya mafi gajarta ita ce a je wurin maginan tukwane na garin a sayi wanda suka riga suka haɗa, don sun san ƙasarsu fiye da kowane littafi. In kuwa za a haɗa a makaranta, a shanya yumɓun ya bushe ƙarau, a farfasa, a jiƙa ya narke, a tace da rariya a fitar da tsakuwa da saiwa, a zuba a kan buhu ruwa ya tsane. Yumɓu mai danƙo sosai yana tsukewa in zai bushe, sai ya tsage, don haka ake ƙara masa dakakken tsingaro ko lallausan yashi, kamar kashi ɗaya cikin biyar. A cuɗa sosai har ya zama jiki ɗaya. Kowane yaro dunƙule kamar lemo ya ishe shi, wajen giram 300, wato aji mai yara 60 yana bukatar kilo 18. A ajiye shi a ɗaure cikin leda.

Darasin farko shi ne ɗan kasko: a dunƙula, a soka babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsawa ana juyawa har bangon ya daidaita. Na biyu shi ne gini da igiyar yumɓu, zobe bisa zobe, ana shafe mahaɗa ciki da waje. Da wannan hanyar ta gargajiya shahararriyar maginiya Ladi Kwali ta yi fice tun kafin 1954, shekarar da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da wani magini ɗan Birtaniya, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. Malam na iya zaro takardar naira ashirin ya nuna wa yara hotonta a baya tana aiki, su san abin da suke yi da laka ba wasan banza ba ne.

Abubuwa uku ne suke lalata aikin yumɓu. Na farko, hannun kofi ko marfin da aka manna kawai, ya bushe ya faɗi. Dole a karce fuskokin biyu da tsinke, a shafa kunun yumɓu, a danna, a shafe bakin mahaɗar. Na biyu, bushewa da gaggawa. Da hunturu iska tana busar da bakin kasko alhali gindinsa danye ne, saman ya tsuke ƙasan bai tsuke ba, sai tsaga. A lulluɓe da leda sako-sako kwana biyu ko uku a inuwa, sannan a buɗe a hankali. Rana ba ta taɓa shi sai a ƙarshe. Na uku, fashewa a wuta. Ruwan da ya rage a ciki ne yake zama tururi ya nemi hanyar fita. Shi ya sa kada kauri ya wuce na babban yatsa, abu mai kauri a rarake cikinsa a huda masa ƙofar iska. Kafin gashi a kara abin a kumatu: in da sanyi-sanyi, da sauran ruwa. Gashin kansa gara a roƙi maginiya ta haɗa da nata, ko a yi a fili nesa da aji, a fara ɗumama kayan a gefen wuta kafin a rufe su da kara da busasshen kashin shanu. Wanda ba a gasa ba ma ba asara ba ne, a jiƙa shi ya koma yumɓu don zango mai zuwa. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada a sa yara share busasshiyar ƙurar yumɓu da tsintsiya, tana cutar da huhu. A yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Bugu, wato ɗab'i da hatimi, yana koyar da shiri tun kafin aiki. Rabin dankali ko rogo, tsohon silifa, ganye mai jijiya, duk suna bugawa. A zuba fenti mai kauri a kan yankin soso a faranti, a riƙa danna hatimin a kai, kada a tsoma shi, don yawan fenti yana cike ramukan zanen ya fito dunƙule. Duk abin da aka sassaƙa a juye yake fitowa, kuma kusan kowane yaro sai ya rubuta sunansa ya ga ya fito ta baya. A bar su su yi kuskuren sau ɗaya, ya fi bayani goma zama a kai. Ƙanana kada a ba su reza, su huda zanen da ƙusa marar kaifi ko bakin biro a jikin robar abinci mai laushi.

Ƙullun takarda kuwa, wato manna yagaggiyar jarida shimfiɗa bisa shimfiɗa har ta ɗauki siffa, abin mannawarsa shi ne kofi ɗaya na sitacin rogo ko fulawa a ruwa kofi biyar, a dafa ya yi kamar koko, a sa cokalin gishiri. A yayyaga jarida da hannu, domin yagaggen baki ya fi kwanciya bisa na almakashi. Kada a wuce shimfiɗa uku kafin a bari ta bushe, in ba haka ba ciki ya yi fumfuna. Aikin rani ne wannan, da damina wari kawai za a girba. A rataye shi, ɓera da gara suna son sitaci.

Saƙa da kara ba sa bukatar dogon bayani a ƙasar da yara suke ƙera mota da karan dawa tun kafin su shiga aji ɗaya. A shigo da wannan cikin aji, a ba shi maki. Wajen saƙar kewaye da kaba ko zare, a tabbata ginshiƙan mara ne, bakwai ko tara ko sha ɗaya, in ba haka ba zagaye na biyu zai bi sawun na farko, saƙar ta ƙi kamawa.

Rini na 'yan ƙaramar sakandare ne. Sai auduga zalla, a wanke sitacin sabon yadi tukuna, domin yadin roba ba ya shan rini. In ɗaurin da aka yi wa yadin kafin a tsoma shi ya yi sako-sako rini zai kutsa, zanen ya ɓace. Sinadaran da ake haɗawa da rinin kanti, soda mai ƙuna da wani gari mai wari, malam kaɗai ne zai taɓa su, da safar hannu, a waje inda iska take. Yara su yi ɗauri da kwancewa. Makarantar da ke kusa da marina, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, ziyarar awa ɗaya ta isa yara su ga yadi ya fito daga karofin baba kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu.

Sai dai yawaita kayan aiki ba ya nufin a riƙa tsalle kowane mako. Wannan kuskuren masu ɗoki ne, kuma sakamakonsa yara sun taɓa komai ba su iya komai ba. Kowane kaya a ba shi aƙalla mako uku a jere: na farko su yi wasa da shi su ga halinsa, na biyu a koya dabara ɗaya tak, na uku su yi nasu aikin. Kaya iri uku ko huɗu a zango sun wadatar, kuma a dawo musu a shekara ta gaba da aiki mai ɗan wuya. Taura biyu ba ta taunuwa: ranar da kayan aiki sabo ne, abin da za a zana ya zama sananne. Hanya mai amfani ita ce a riƙe abu ɗaya, misali tulu, a zana shi da gawayi, a yi shi da fenti, a gina shi da yumɓu, a mayar da adonsa hatimi. A nan ne yaro yake gane da kansa abin da kowane kaya yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Minti 35 ko 40 ba sa isa, sai shugaban makaranta ya yarda a haɗa darasi biyu a jere. Goma na nuni, wajen arba'in na aiki, sha biyar na wanki da kwashewa, ragowar a jera ayyukan a ƙasa kowa ya zagaya ya gani. Aji mai yara 60 a raba shi rukuni goma, kowanne da mai ɗauko kaya da mai wanki, ana juyawa. Nunin malam ya tsaya kan dabara, yadda ake riƙe burushi ko manna hannun kofi, kada ya gama cikakken aiki ya kafe a gaba, don da zarar ya yi haka an koma kwafar mangwaro.

Wasu iyayen suna ƙyamar surar abu mai rai, musamman a yumɓu, kuma bai kamata malam ya mayar da wannan abin jayayya ba. Babu wata dabara a duk abin da aka lissafa da take bukatar mutum-mutumi. Tukunya, asusu, ƙofar gari, rumbu, dagi, zayyanar allo, adon bangon gidajen Zariya da Kano, zanen ƙwarya da na hula sun isa cika shekara tara.

Wajen ba da maki, kyau kaɗai ba ma'auni ba ne, don shi ne yake mayar da darasin na mutum biyar. A duba ko yaro ya yi amfani da dabarar da aka koya, ko ya gwada wani abu nasa, ko ya kai aikin ƙarshe, ko ya kula da kaya ya wanke burushinsa. Kowane yaro a naɗe masa babban kwali biyu a matsayin jaka, a rubuta suna da kwanan wata a bayan kowane aiki. Na yumɓu kuwa a karce sunan a gindi tun yana danye, in ba haka ba ranar da aka kwaso kasake sittin daga wuta, duk sun yi ja iri ɗaya, rigimar "nawa ne" ita za ta cinye darasin.